44 Cikin 44: Zaɓen Ƙananan Hukumomin Kano Daga Nassarawa GRA Zuwa Gama

Ranar Asabar, 26 ga Oktoba, 2024, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano. Shugaban hukumar zaɓen jihar, KANSIEC, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, shi ya sanar da sakamako: jam'iyyar NNPP ta lashe kujerun shugabanni 44 duka, ta haɗa da kujerun kansiloli 484, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. A Ƙaramar Hukumar Nassarawa, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 596,669, fiye da kowace ƙaramar hukuma a jihar, Yusuf Imam da aka fi sani da Ogan Ɓoye aka bayyana shugaba, kansilolin mazaɓu 11 kuma duk 'yan jam'iyyarsa ne.

Wanda ya daɗe a Kano bai yi mamaki ba, domin ya sha gani. A watan Mayun 2014, lokacin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso yana APC, APC ce ta cinye duka 44. A Fabrairun 2018, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, APC ta sake cinyewa, a zaɓen da hotunan ƙananan yara suna dangwala ƙuri'a suka karaɗe soshiyal midiya har maganar ta zama abin kunya ga jihar. A Janairun 2021 aka maimaita. Gwamnoni uku, jam'iyyu biyu, zaɓe huɗu, amma sakamako iri ɗaya: jam'iyyar da gwamnanta ke zaune a Gidan Gwamnati ita ke kwashe komai. Kuma ba Kano kaɗai ba ce. A 2024 APC ta kwashe ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 23 na Kaduna da 23 na Sakkwato, PDP kuma ta kwashe 20 na Bauchi. Ciwon ba na jam'iyya ɗaya ba ne, na tsari ne, kuma a Nassarawa ya fi fitowa fili, saboda babu ƙaramar hukumar da ta fi ta nuna cewa Kanawa ba baki ɗaya suke zaɓe ba.

Kafin a kai ga akwati

Zaɓen na 2024 ya fara ne da rigima tun daga kuɗin fom. KANSIEC ta yanka naira miliyan 10 ga mai neman shugabancin ƙaramar hukuma, miliyan 5 ga mai neman kansila. Da aka kai ƙara kotu, sai hukumar ta rage zuwa miliyan 9 da miliyan 4. A shekarar ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai tara albashin kusan shekara biyar, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi fom ɗin wakiltar unguwarsu. Malamin firamare da jama'ar Tudun Murtala suka yarda da shi, ko tela a Gwagwarwa da ya saba jagorantar aikin gayya, ba shi da hanyar shiga sai ta hannun ubangida. Wanda ubangida ya saya wa fom kuwa, ranar da zai yi godiya ba wurin masu ƙuri'a zai nufa ba.

Saura kwana huɗu zaɓe, Mai Shari'a Simon Amobeda na Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ya yanke hukunci, a ƙarar da APC ke ciki, cewa shugaban KANSIEC da kwamishinoninsa ba su cancanci riƙe muƙaman ba, saboda alaƙarsu da jam'iyya mai mulki. Babbar Kotun Jiha ita kuma ta ba da nata umarnin cewa a ci gaba da zaɓe. Rundunar 'yan sanda ta ce za ta bi umarnin kotun tarayya, APC ta ƙaurace, gwamnati ta yi zaɓenta, aka rantsar da waɗanda aka bayyana. A 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Abuja ta soke hukuncin kotun tarayyar bisa dalilin cewa ba ta da hurumin sauraron maganar. Ta fuskar doka dai kujerun sun tabbata.

Adalci shi ne a faɗa cewa jam'iyyar da ta ƙaurace wa zaɓe ba ta da bakin kukan ba ta ci ba. Haka 'yan Kwankwasiyya suka ƙaurace a 2021, haka APC ta yi a 2024. Sai dai ƙauracewar ita kanta shaida ce. Kowane ɓangare, idan ya tsinci kansa a adawa, ya san sarai abin da ake yi da hukumar zaɓen jiha, domin shi ma ya taɓa riƙe ta. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 197 da na 198, ya ba gwamna ikon naɗa shugaba da mambobin hukumar, majalisar dokokin jiha ta tabbatar. Kuɗin gudanar da ita ma daga aljihun gwamnatin jiha yake fitowa. Ɗan wasa ne ke zaɓen alƙalin wasa kuma yake biyansa, don haka ba sai an buga ba ake sanin wanda zai ci.

Abin da Gama ta koyar

Mazaɓun Nassarawa su ne Gama, Gawuna, Gwagwarwa, Tudun Wada, Tudun Murtala, Kaura Goje, Dakata, Kawaji, Giginyu, Hotoro ta Arewa da Hotoro ta Kudu. Duk ɗan siyasar Kano ya san cewa wanda ya yi sake da waɗannan unguwanni a babban zaɓe ya yi sake da kujerarsa.

A zaɓen gwamna na 9 ga Maris, 2019, Abba Kabir Yusuf, wanda a lokacin yake PDP, yana gaban Ganduje da ƙuri'a 26,655 sa'ad da INEC ta ce zaɓe bai kammala ba. Hatsaniyar da aka yi wurin tattara sakamakon Nassarawa ita ta jawo aka soke ƙuri'un mazaɓar Gama, kuma tun daga nan kalmar inkonkulusib ta shiga bakin yaro da babba a Kano. Aka sa ranar 23 ga Maris don ƙarasawa. Abin da ya faru a makonni biyun nan mutanen Gama ba za su manta ba. Motocin aiki suka cika Gama. Aka kwashe bolar da ta shekara tana toshe hanya, aka shiga gyaran titi, aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Unguwar da ta daɗe tana kai kuka ba a saurare ta ba, sai ga manyan jami'an gwamnati suna sintiri a lungunanta. Ranar ƙarashen zaɓen ta zo da tashin hankali da 'yan daba, masu sa ido na ciki da waje suka yi tir, aka bayyana Ganduje da ratar da ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba.

Ba maganar wanda ya ci ko aka ƙwace wa nake yi ba, kotuna sun gama da wannan. Darasin da ke ciki shi ne: ranar da ƙuri'ar Gama ta zama mai daraja, aikin da aka kasa yi a shekaru ya samu cikin kwana 14. Kwashe shara, gyaran magudanar ruwa da ƙananan hanyoyin cikin unguwa, su ne ainihin aikin ƙaramar hukuma. Da kansilan Gama da shugaban Nassarawa suna tsoron ƙuri'ar mutanen Gama kamar yadda gwamna ya ji tsoronta a makonnin nan biyu, da ba a jira inkonkulusib ba.

A 2023 abin ya juya. Abba, a ƙarƙashin NNPP, ya ci da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Gawuna ɗan Nassarawa ne, ya taɓa shugabantar ƙaramar hukumar. Jihar da mutum kusan 900,000 suka zaɓi ɓangare ɗaya a Maris na 2023, hankali ba zai ɗauka ba a ce bayan wata 19 babu mazaɓa ko guda cikin 484 da wani daban zai iya ci, kamar yadda bai ɗauka ba a 2021 da aka ce ɓangaren da ya samu ƙuri'a sama da miliyan a 2019 ba shi da kansila ko ɗaya.

Bayan katanga

Yanzu a bar Gama a gangaro Nassarawa GRA. Tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu, amma rayuwar daban ce. A Sultan Road ko Lamido Crescent ko Alu Avenue, inuwar darbejiya da maɗaci ta rufe titi, katangu dogaye ne da waya a samansu, kowace ƙofa da mai gadi a kan benci da 'yar rediyonsa. Ta saman katanga kana hango tankin ruwa da faifan sola. Ranar zaɓen ƙaramar hukuma, unguwar takan yi tsit kamar kowace Asabar. Sau da yawa mai gadin da direba da mai aikin gida su ne suka san sunan ɗan takarar kansila, saboda a Badawa ko Giginyu ko Hotoro iyalansu suke. Maigidan kuwa, wanda zai iya yi maka bayanin kasafin kuɗin tarayya dalla-dalla, da wuya ya faɗa maka sunan kansilan da ke wakiltarsa.

Wannan nesantar tana da tushe. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, a Nassarawa suka fara zama, nesa da ganuwa. A nan Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, gidansa ma yana nan har yau. Yankin da aka keɓe wa Turawa ba ya ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, jami'in mulkin mallaka ne ke kula da shi kai tsaye. Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikata da attajirai da 'yan siyasa suka gaji gidajen, suka kuma gaji ɗabi'ar cewa hukumar da ke ƙasa ta mutanen cikin gari ce, su da ta sama suke hulɗa.

Yau abin ya ƙara zurfi, domin mazaunin GRA ya saye kansa daga buƙatar ƙaramar hukuma. Ruwa yana da burtsatse. Wuta yana da sola da janareta. 'Ya'yansa suna makarantar kuɗi, idan ciwo ya zo asibitin kuɗi ko jirgin Masar. Shara yana biyan mai kwashewa, tsaro yana biyan mai gadi. Idan titin ƙofar gidansa ya fashe, ba sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Bompai zai je ba, waya zai ɗaga ya kira kwamishina ko babban sakatare, watakila ma ajinsu ɗaya a makaranta. Ranar da yake tunawa da ƙaramar hukuma ita ce ranar da ɗansa ke neman takardar shaidar asali don shiga jami'a ko ɗaukar aiki, ita ma aike zai yi.

Matar da ke Kaura Goje ba ta da ko ɗaya daga waɗannan. Da safe mai kura zai turo jarkoki ƙofar gida, ta saya da kuɗin da ya kamata ya shiga cefane. Ɗanta yana makarantar firamare ta gwamnati inda aji ɗaya ke ɗaukar yaran da ya kamata a raba aji biyu ko uku. Idan zazzaɓi ya kama jariri, asibitin sha-ka-tafi na unguwa ne, ta yi addu'ar ta tarar da ma'aikaci da magani. Da damina lambatun da leda ta toshe shi ke juyo ruwa cikin ɗaki. Rafin Getsi da ke kwaso dattin masana'antun Bompai ta bayan unguwanninsu yake wucewa kafin ya haɗe da Jakara. Ita ce ke buƙatar kansila na gaskiya, ita ce kuma ba ta da lauya, ba ta da jarida, ba ta da lambar kwamishina.

Ga inda matsalar take. Masu buƙatar ƙaramar hukuma ba su da murya, masu murya kuma ba sa buƙatarta. A Nassarawa GRA da Bompai akwai manyan lauyoyi, tsofaffin alƙalai, tsofaffin manyan sakatarori, farfesoshi, masu masana'antu da masu gidajen rediyo. Da goma daga cikinsu za su ɗauki zaɓen kansila da muhimmancin da suke ba zaɓen gwamna, da KANSIEC ba ta sanar da sakamako a dunƙule ta wuce ba tare da an tambaye ta ƙuri'a nawa aka kaɗa a kowace rumfa ba.

Kuɗin wa, aikin wa

Ba ƙaramin abu ake rabawa ba. A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, kuma Kano da ke da 44 ta fi kowace jiha yawansu. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya lissafa aikinsu: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mahauta, kwashe shara, magudanan ruwa, fitilun titi, sa wa tituna suna da lambar gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Amma a cikin birnin Kano yawancin waɗannan hukumomin jiha ne ke riƙe da su. Shara tana hannun REMASAB, tsara gari yana hannun KNUPDA, makarantun firamare suna hannun SUBEB. Kuɗin kuma, shekara da shekaru, ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yake bi, wanda sashe na 162 ya tanada, inda gwamnati ke cire na ayyukan haɗin gwiwa kafin ragowar ta isa sakatariya. Shi ya sa za ka ji ma'aikatan ƙananan hukumomi suna cewa aikin ciyaman biyan albashi ne da zuwa ɗaurin aure da jana'iza. Abin da ya rage masa na nuna iko shi ne naɗa masu ba da shawara da mataimaka na musamman, a raba wa yaran siyasa ɗan abin sawa a aljihu.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomin riƙo ya saɓa wa sashe na 7, don haka ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓun shugabanni ke riƙe da ita ba ba za ta samu kuɗi ba. Wannan hukunci ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe, Kano ma da kantomomi ke riƙe da ita a lokacin ta matso da nata daga ƙarshen Nuwamba zuwa Oktoba. An yi murna da hukuncin, kuma ya cancanci murna. Sai dai an shafe watanni masu yawa ana jan ƙafa wajen aiwatar da shi, kuma ko an aiwatar gaba ɗaya, ya toshe ƙofa ɗaya ne ya bar ɗaya a buɗe. Idan gwamna ne ya tsayar da ɗan takara ta hanyar ɗauki-ɗora, hukumar da ya naɗa ta bayyana shi, to ko kuɗin ya faɗo asusunsa kai tsaye daga Abuja, ya san inda zai kai rahoto.

Kano ba baƙuwar wannan gwagwarmaya ba ce. NEPU da aka kafa a nan ranar 8 ga Agusta, 1950, babban abin da Malam Aminu Kano da abokansa suka yaƙa shi ne hukumar gargajiya da ke karɓar harajin talaka ba tare da talaka yana da ta cewa ba. Garambawul na 1976 ya zo da alƙawarin majalisun da jama'a suka zaɓa da kansu. Abin takaici ne a ce jihar da duk 'yan siyasarta ke alfahari da gadon Malam, kowane ɓangare da jar hularsa ko tsintsiyarsa, ita ce ke gudanar da zaɓen da talaka ya san sakamakonsa tun kafin ya fito daga gida.

Kuma ba wai ba a san yadda ake yin na gaskiya ba. A Disambar 1998 INEC ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a faɗin ƙasa, PDP da APP da AD kowa ya samu rabonsa. A Abuja, inda har yau INEC ke yi, zaɓen Fabrairun 2022 ya ba PDP uku, APC uku. Ko a Kaduna, da aka gwada na'urar kaɗa ƙuri'a a 2018 da 2021 zamanin Nasiru El-Rufa'i, adawa ta ci wasu ƙananan hukumomi. Masu cewa a rushe hukumomin zaɓen jihohi a miƙa wa INEC suna da hujja. Masu cewa INEC ɗin ma ba tsarkakakkiya ba ce, kuma tara komai a Abuja ba shi ne magani ba, su ma suna da tasu, mutanen Gama shaida ne. A ganina, ko wace hukuma aka ba aikin, abu uku ba sa buƙatar jiran gyaran kundin tsarin mulki, majalisar dokokin Kano za ta iya yin su: a sauko da kuɗin fom daidai ƙarfin mai ƙaramin albashi, a wajabta liƙa sakamako a bangon kowace rumfa a kuma wallafa shi mazaɓa-mazaɓa, sannan a tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta bayyana abin da ya shigo mata da inda ya tafi duk wata.

Wani zaɓen ƙananan hukumomi yana tafe a Kano. Kirana ga iyayenmu da yayyenmu na Nassarawa GRA da Bompai shi ne su daina kallon wannan zaɓe a matsayin harkar yaran siyasa. Lauyan cikinku ya rubuta wa sakatariyar Bompai ya nemi kasafin kuɗin bana. Tsohon akanta ya zauna ya karanta shi, ya yi wa jama'a bayani a rediyo da Hausa. Ƙungiyoyin unguwa da kuke tara kuɗin gadi da gyaran fitila a cikinsu su gayyaci kansila ya zo ya faɗi abin da ya yi, su kuma gayyato masu unguwannin Giginyu da Badawa da Gama su zauna tare. Wanda Allah ya hore wa, ya saya wa mutumin kirki fom ba tare da ya mayar da shi yaronsa ba. Ranar zaɓe kuma ku fito da katinku ku tsaya a layi tare da masu gadinku, kada ku bar rumfar sai an ƙirga ƙuri'a a gabanku.